Gashin Dokin da Ya Yi Kasuwa Goma Sha Shida

Duk macen da ta taɓa zama a gabana don in saka mata gashin doki, tambayarta ɗaya ce: "Inna, kasuwa nawa zai yi?" Mu nan Illela da ranar kasuwa muke ƙirga kitso, daga Lahadi zuwa Lahadi. Ban taɓa jin wadda ta tambaye ni ko kanta zai iya ɗauka ba. Na fi shekara talatin ina amsa wannan tambaya, kuma in na ce kasuwa goma, sai ya yi goma. Abin da ke faruwa a ƙarƙashinsa cikin kasuwa goman nan shi ne ban taɓa gaya wa kowa ba, kuma shi ne yake ci mini rai yanzu da na tsufa.

A wurin kakata na koyi kitso. Ita gashin mutum kawai ta sani, sai man shanu da tsinke. Ran Alhamis a tsefe, a wanke da karkashi, ran Juma'a da safe a yi sabo. In ta zo gaban goshi, wurin ƙananan gashin nan masu laushi, sai ta ɗauke hannu. Ta sha buge mini yatsu a kansu. Ta ce waɗannan ba na kitso ba ne, in bar su. Na ji da kunnena, kuma ban manta ba. Ina faɗin haka don kada wani ya ce rashin sani ne.

Daga baya gashin doki ya shigo mana ta Konni. Matan da ke fatauci su suka fara kawo shi cikin leda, su suna ce masa meshi. Babu doki a cikinsa, roba ce aka ja ta yi siriri. Matan nan tafiya ce sana'arsu. Wata za ta tafi Tawa, wata Kwatano saro atamfa, ta yi wata guda ko biyu ba ta ga gida ba. Suna son kitson da za su tafi da shi su dawo da shi. Ni kuma Allah ya ba ni ƙarfin yatsu. Sai na samo hanyata: in kama gashi kaɗan, in ɗora masa meshi mai yawa, in ja har sai girar mace ta ɗaga. Ƙananan gashin goshin da kakata ta hana, su nake fara kamawa, don su ne ke sa kitso ya fito tas. In na gama in tsoma bakin cikin ruwan zafi ya kwanta. Sannan in kafa doka: kada ruwa ya taɓa gindinsa. A shafa mai a sama, a fesa turare, a ɗaure. Wadda ta bi dokata kitsonta ya daɗe, ta je ta yi ta yabona a gidajen biki.

Allah bai ba ni ɗiya mace ba. Ƙanwata da ke aure a Tozai ita ta ba ni tata riƙo tun tana shekara shida. Inna take ce mini, ni kuma ban taɓa kiranta da komai ba sai ɗiyata. Yarinyar nan gashi gare ta. Baƙi wuluk, mai laushi, in an tsefe har kafaɗa. Ko sili ɗaya na roba ba ta buƙata. In na tuna wannan sai in ji kamar in mari kaina.

Akwai abin da kowa ya sani a sana'armu. Mace ba ta yawo da kai buɗe, don haka mai kitso ba ta da inda za ta nuna aikinta sai kan yarinyar gidanta. Ranar kasuwa matan Gidan Katta da na Darna sukan biyo ta gidana su sha ruwa, su yi azahar, su huta kafin motarsu ta cika. Nan zan ƙwala kira: "Ke, zo ki buɗe musu su gani." Ta zo ta durƙusa, ta zame ɗankwali, su juya kanta dama da hagu kamar masu tayin ƙwarya. Haka aka yi mini a gidan kakata, haka na yi mata. Ban taɓa tambayarta ko tana so ba.

Tana shekara goma sha shida wata matashiya daga Konni ta buɗe shago a hanyar tasha, da babban madubi da injin busar da kai. 'Yar Konni muke ce mata. Ita duk wadda ta saka wa meshi sai ta ce mata kasuwa shida ta dawo a tsefe, kuma kowane mako ta wanke fatar kanta. Na ji labari na yi dariya. Sai wata rana a gidan suna, ana cikin cin tuwo, wata Hajiya mai fataucin atamfa, wadda ta fi shekara goma tana zama gabana, ta dube ni ta ce:

"Inna mai kitso, kin ji mi 'yar Konni ka cewa? Wai dut kitson da yaw wuce kasuwa shida ƙazanta ce anka ɗaure da kallabi."

Mata suka kwashe da dariya.

Na ce, "Hannunta na ba ƙarhi, shi as sa. Yaushe anka haihe ta?"

"To ke naki nawa shika yi, tsakani da Allah?"

"In na so, in yi shi yau shi kai Babbar Salla."

"Haba Inna! Ko azumi ba a kama ba."

"Ku sa ido," in ji ni. "Ga ɗiyata nan."

Saura kasuwa biyu a kama azumi ke nan. Na ƙirga da yatsu a hanyar gida, ya kama kasuwa goma sha shida. Babu wanda ya sa ni, babu abin da aka ajiye za a ba ni. Dariyar mata ce kawai ba zan iya haɗiyewa ba.

Washegari na zaunar da ita tun hantsi. Ƙanana na yi mata, sirara, har gadon baya, leda huɗu na meshi a kan yarinya ɗaya. Na ja kamar ban taɓa ja ba. Tana cewa, "Inna, a hankali, gaban nan shina zahi," ina cewa, "Kyau ba shi zuwa da daɗi, riƙe kanki." Sai bayan la'asar muka gama. Da ta tashi yin salla na ga ta kasa kai goshi ƙasa sosai, tana dafa tabarma da hannu tana sunkuyawa a hankali. Na ba ta ƙwayar ciwon kai na ce kwana uku ne zai saki.

Ya saki kuwa. Amma kafin nan ƙananan ƙuraje sun feso a layin goshi da bayan kunne. Na shafa musu man zafi. Kasuwar farko na kira ta, ta buɗe, mata suka yi ta salati. Wata tsohuwa daga Darna ta ce ko a hoto ba ta taɓa ganin irinsa ba. Na ji daɗi har cikin ƙashina.

Damina ce a lokacin. Wanda ya san Illela ya san zafin da ke biyo bayan ruwa, wanda mutum zai yi zufa ko yana zaune a inuwa. Yarinya tana azumi, tana daka, tana zuwa Islamiyya da hijabi har gwiwa, ga leda huɗu na roba a kai. Kafin kasuwa ta huɗu ta fara bubbuga kai da tafin hannu. Tana tankaɗe tana bugu, tana karatu tana bugu. Na kama ta tana sosawa da tsinken tsintsiya, na ƙwace, na ce za ta tayar mini da gashi.

Ƙaramar Salla ta zo a kasuwa ta shida. Duk 'yan matan unguwa sun tsefe, an yi musu sabo, ni da hannuna na yi wa fiye da goma. Ta same ni ina wanke hannu ta durƙusa.

"Inna, don Allah ki tsehe mini. Ko kwana biyu in sha iska, sai ki maida."

"In na tsehe mi za ni gaya ma Hajiya?"

"Ki ce ni nic ce ban iyawa."

"Ke kinka yi alkawali ko ni? Tashi ki ba ni wuri."

Abin da na yi maimakon haka ya fi komai muni. Kitso in ya kwana biyu sabon gashi yana tsirowa, gindin ya saki, ya fara lilo. To sai na warware layi biyu na gaba kawai, na sake kama su, na ja fiye da na farko, don in an buɗe a ga kamar jiya aka yi. Na yi haka a kasuwa ta shida, na yi a ta tara, na yi a ta goma sha biyu. Wurin da ya fi rauni a kanta, shi na yi ta ja. Sauran kan kuwa ban ko leƙa ba.

Bayan Ƙaramar Salla da 'yan kwanaki Malama ta yi sallama a gidana. Ita ce ke koyar da su ɗiyata a Islamiyya, daga gidan malaman da ke bayan layinmu, mace mai sanyin magana. Muka gaisa, na shimfiɗa mata tabarma. Ta daɗe tana kewaye kafin ta zo kan magana. Ashe yarinyar ta tsaya bayan an tashi, ta tambaye ta hukuncin wankan tsarki ga wadda aka hana ta jiƙa kai. Don ni na ce mata in ta gama al'ada ta jiƙa hannu ta shafa sama-sama, ya wadatar.

Malama ta ce, "Inna, maganar ƙarin gashi kanta malamai sun yi ta, kin sani, ba ita tak kawo ni ba yau. Amma kitson da yay yi tsauri har ruwa ba shi ratsa shi, ga zare da yawa, dole a kwance shi in za a yi wanka. Yarinyar ga tana cikin damuwa. Kuma na ga kanta. Akwai ƙuraje."

Na ce, "Malama, ta kai ƙarata ke nan?"

"Tambaya tay yi, kuma ta yi daidai."

"To ke ki riƙe allonki, ni in riƙe tsinkena. Ban taɓa zuwa makarantarku na gyara muku karatu ba."

Ta dube ni, ta ɗauki takalmanta. Mace ta taso don ta ceci ɗiyata, na kore ta kamar ta zo roƙon gishiri. Da yarinyar ta dawo na zage ta tas, na ce ta tona mini asiri a gari.

Daga nan ta daina roƙona. Abin da ta koma yi shi ne, in na fita, ta shiga makewayi ta kwarara ruwa a kai, ta yi maza ta ɗaure da ɗankwali ta ɗora hijabi don kada in gani. Roba ba ta bushewa a ƙarƙashin ƙyalle. Haka kan zai wuni a jiƙe, ya kwana a jiƙe, ga mai da na yi ta lafta masa, ga zufa. Wari ya fara. Na san warin, irin na rigar da aka bari cikin bokiti. Na sayo turare mai ƙarfi ina fesa mata kafin mata su iso. Wata rana wata mata daga Gidan Katta ta matso da fuska, ta ja baya, ta ce, "Inna, wanga kai ba shi son wanki?" Na ce turaren ne bai karɓe ta ba.

A kasuwa ta goma sha huɗu ina gyara mata gaba, sai kitso ɗaya ya biyo hannuna. Ban ja ba, taɓawa kawai na yi. Na duba, ga gashinta a jikinsa, da saiwarsa fara-fara. Wurin da ya fito kamar tafin hannu, jajir, yana ƙyalli. Ta ce, "Inna, mi ya faɗi?" Na ce, "Ba komi, zare na." Na dunƙule shi na tura ƙarƙashin cinyata. Na jawo na kusa da shi na kwantar a kan gurbin, na ɗinke da allura.

Duk abin da ya gabata zan iya cewa ban gane ba, ko da yake ƙarya ne. Wannan kam na gani da idona, na riƙe a hannuna. Saura kasuwa biyu, na ce a raina, kasuwa biyu ba za su kashe ta ba. Da na tsefe a ranar, likita ya ce daga baya, da an ceci da yawa.

Ranar jajiberin Babbar Salla gidana ya cika da masu kitso. Hajiya mai atamfa ta zo da ƙawayenta biyu takanas. Ƙanwata ma ta iso daga Tozai da safe don ta yi salla tare da mu, ta kawo mana kaji da ɗanyar kuɓewa. Na kira yarinyar. Ta buɗe. Daga nesa kitson yana nan kamar na kasuwa uku. Hajiya ta tafa hannu ta ce, "Aradu Inna kin cika! A gaya ma 'yar Konni ta koma makaranta." Aka yi guɗa. Wannan guɗar ita ce duk abin da na samu.

Na ce to yanzu sai a tsefe a yi na salla. Muka koma gindin dogon yaro da ke tsakar gida, uwarta na gefe tana gyaran kuɓewa. Na fara daga ƙeya. Gindin kowane kitso ya dunƙule da wani abu toka-toka mai danƙo, mai da datti da mataccen gashi sun haɗe kamar ƙullin ƙaro. Tsinke ba ya shiga. Na sa ƙarfi. Da na zo tsakiya na ga gyambo biyu suna ruwa. Da na zo gaba kuwa babu abin tsefewa. Ina ɗagawa suna biyo ni, ɗaya bayan ɗaya, da gashin da komai. Daga goshi zuwa baya kamar faɗin yatsu uku, da saman kunnuwa duka biyu, babu ko sili.

Ƙanwata ta ajiye wuƙa ta taso. Ta daɗe tana kallon kan.

"Yaya, mi kinka yi ma ɗiyata?"

Tun da ta ba ni ita ba ta taɓa cewa ɗiyata a gabana ba, kullum ɗiyarki take cewa.

Na ce, "Zai tsiro. Gashi na, tsirowa shikai."

"Wata nawa wanga abu shina kanta?"

Wata daga cikin matan ta ce, "Kasuwa sha shida."

"Sha shida! Ke ko akuya kinka ɗaure wuri guda kasuwa sha shida ai kya duba wuyanta. Na ba ki mutum, kin maishe ta allon talla?"

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi a ba ta madubi. Babu wadda ta motsa, sai ta tashi da kanta ta shiga ɗaki. Da ta fito ta ɗaure kai tamau har gira. Uwarta ta kama hannunta suka fita, kan ba a gama tsefewa ba. Shagon 'yar Konni suka nufa. Mai shagon ce ta zauna da ita har magariba, tana jiƙa ƙullin da karkashi da man kaɗanya, tana warwarewa da yatsa, abin da ya ƙi ta sa almakashi. Duk wanda ke da kai a garin nan ya yi salla da sabon kitso, ɗiyar mai kitso ta yi salla da magani a kai. Bayan salla aka kai ta asibiti Sakkwato. Gyambon ya warke. Tsakiya da ƙeya suka tsiro. Gaba da saman kunne likita ya ce fatar ta riga ta yi tabo, kada a sa rai. Ba ta dawo gidana ba, Tozai aka wuce da ita.

Kuna tsammani mata sun guje ni? Ko ɗaya. Wannan yana cikin abin da ke ƙona mini rai har yau. Bayan salla da mako guda Hajiya ta zo ta zauna gabana za ta Kwatano, ta ce in yi mata irin na yarinyar. Ta ce, "Kan wagga ɗiya na ba ƙwari, ba laihinki ba na." Wata ta ce baki ne, yawan buɗe kan da ake yi ne aka sa mata ido. Na karɓi wannan da hannu biyu. Shekaru ina gaya wa mutane kambun baka ne. Har rubutu na aika Tozai a sha. Ƙanwata ta dawo mini da shi a cikin jarkarsa, ko buɗewa ba a yi ba.

Kuma na ci gaba da ja. Ina ganin goshin matan da suka daɗe a hannuna yana ja da baya shekara bayan shekara, su suna cewa haihuwa ce, ni ina cewa haka ne. Mata nawa ne a garin nan suke ɗaura ɗankwali har gira saboda ni? Ban sani ba, kuma ina jin tsoron in sani.

Da aka tashi auren ɗiyata, 'yar Konni ce ta yi mata kitson amarya. Ni ina zaune a tsakar gida cikin baƙi, ana miƙo mini goro. Na roƙe ta gafara a ranar, na sake roƙo da ta haihu. Amsarta kullum ɗaya: "Allah shi yahe muna baki ɗaya, Inna." Tana gaishe ni, tana aiko mini da abin salla, mijinta ɗan kasuwa ne a nan cikin gari. Amma ko a ɗaki daga ni sai ita ba ta taɓa zame ɗankwali ba. Shekara goma sha biyar ban ga kan da na raina ba.

Sai da yatsuna suka fara ciwo, aiki ya ragu, na sami lokacin zama da kaina. Wata rana na ɗauki mayafi na tafi shagon 'yar Konni, wadda na ce yaushe aka haife ta. Na ce ta gaya mini yadda take yi. Ba ta yi mini gori ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce meshi ba ya ruɓewa, shekara ma sai ya yi, kan mutum ne ba ya jurewa. Kasuwa shida, in an matsa bakwai, a sauke. Kowane mako a dama sabulu da ruwa ya yi tsululu, a bi layi-layi da yatsa a wanke fatar, a ɗauraye sosai. Babban abin shi ne bushewa: a zauna a tsakar gida kai buɗe har gindin ya bushe ƙarau kafin a ɗaura komai. Mai kaɗan, a fata, ba a lafta ba. In za a kwanta a tattara shi cikin ɗankwali mai santsi. In ya yi zafi ranar da aka yi, ko ƙuraje sun fito, a warware wurin a ranar, kada a jira ya saki. In an tsefe a bar kai ya huta mako biyu. Ta ƙare da cewa, "Kuma ƙananan gashin gaba, Inna, ba a taɓa su." Na ce na sani. Ta ɗaga kai ta dube ni, na ce tun kafin a haife ki na sani.

Yanzu duk wadda ta tambaye ni kasuwa nawa, shida nake cewa. Sai su murguɗa baki, wai tsufa ya kama Inna, su tafi inda za a ce musu wata uku. Yaran yanzu har da gam suke manna gashi a goshi cikin zafin bazara. In na yi magana a ce ina baƙin ciki don hannuna ya mutu. Ni da na cinye goshin ɗiyata, wa zai saurare ni? Da bakina na koya wa garin nan cewa kitso mai kyau shi ne wanda ya daɗe, yanzu ina ihu ba mai ji.

Bayan Ƙaramar Sallar bana, wata Alhamis da hantsi, na ji sallama. Ɗiyata ce, tana jan hannun tata ɗiyar, jikata, mai shekara goma sha ɗaya. An saka wa yarinyar meshi a wani shago don salla, ja da baƙi, har kafaɗa. Fuskarta duk hawaye.

"Inna, tsiha nik kawo miki. Tsiha kawai, ba kitso ba."

Yarinyar ta fizge hannu. "Wallahi Mama bai tsuhwa ba! Kasuwa bakwai fa kawai. Ƙawayena dut nasu na nan, sai Babbar Salla za su cire. Kaka, ki gaya mata, ke kin san kitso. Ai shina kaiwa ko?"

Uwar ta dubi ƙofar gida, ta ga ba kowa. Sai ta durƙusa a gabanmu, daidai yadda take durƙusawa ranar kasuwa, ta sa hannu ta zame ɗankwalinta.

Na ga abin da na yi. Gashin baya yana nan, baƙi, an kitse shi gida biyu. Gaban kuwa fata ce sumul, tana ƙyalli, har da farin tabo a saman kunnen hagu inda na ɗinke da allura. Yarinyar ta ja da baya. Ashe ita ma ba ta taɓa gani da rana ba.

"Dube shi da kyau," in ji uwar. "Inna, gaya mata kasuwa nawa wanga yay yi."

Na ce, "Sha shida."

"Daga yaushe zuwa yaushe?"

"Daga kahin azumi zuwa Babbar Salla."

"Wa yay yi shi?"

Jikata tana kallona. Na ce, "Ni."

"Na roƙe ki ki tsehe?"

"Kin roƙe ni."

Ta mayar da ɗankwalinta ta ɗaure har gira. Yarinyar ta zo da kanta ta zauna tsakanin ƙafafuna, ta ba ni baya. Na aika aka jiƙa karkashi, na ɗauko man kaɗanya. Na ajiye tsinke gefe, da yatsa na yi, ɗaya bayan ɗaya, ina jiƙawa ina jira ya yi laushi. Yatsuna suna ciwo, aikin da a da nake gamawa kafin azahar ya kai mu la'asar. Uwar tana zaune a kan turmi, idonta a kan hannuna tun daga na farko har na ƙarshe. Na kawo mata ruwa ba ta sha ba.

Da na zo layin goshi ta taso ta tsaya a kaina. Akwai ƙuraje uku ƙanana, amma gashin yana nan, duka. Ta sa yatsa ta shafa shi, ta sake shafawa.

Na ce, "In wanke mata, in yi mata ko guda biyu na gashinta? Ba ni ja."

Ta ɗaura wa yarinyar ɗankwali. Ta ce, "A'a, Inna. Ni ka yi mata."

Ta tattara meshin da ke ƙasa ta cusa a leda, ta ajiye mini a bakin ƙofa in zubar. Suka yi mini sai an jima.